Yadda na zaɓi kyamara tsakanin Nikon D3500 da Sony RX100 III

Buƙatar da ta sa na shiga neman kyamara a ƙarshen shekarar 2023 ba ta sana'a ba ce, domin ni ba mai hoto ba ne, kuma ba ni da niyyar buɗe shagon hoto. Abin da ya dame ni shi ne tsofaffin gidajen ƙasa na cikin birnin Zariya suna ta ƙarewa. Kowace damina sai an rasa wani soro ko wani zaure mai bakan gizo, ko dai ruwa ya ci shi ko magada su rushe su tayar da na bulo, ni kuwa ina son in riƙa ɗaukar hotunansu tun suna tsaye. Ga kuma dattawan gidanmu da shekaru suka ja, waɗanda duk hotunan da muke da su nasu na taron biki ne ko na suna, an ɗauka da waya a tsaitsaye. Wayata tana yin hoto mai kyau a tsakar gida da hantsi, amma da zarar an shiga zaure, inda babu haske sai wanda ya shigo ta ƙofa, sai fuskoki su narke kamar an shafe su da yatsa, zanen bango kuma ya ɓace gaba ɗaya.

Kuɗin da na ware ba su kai na sabuwar kyamarar zamani marar madubi ba, ballantana a lokacin darajar naira ta faɗi ƙwarai tun bayan da aka saki kasuwar canji a watan Yunin shekarar, duk kayan da ake shigowa da su kuma suka yi tashin gwauron zabo. Saboda haka na san tun farko cewa ta hannu zan saya. Da na tace abin da kuɗina za su iya kamawa, sai zaɓin ya tsaya a kan iri biyu da suka sha bamban. Ɗaya ita ce ƙaramar DSLR ta masu koyo, wato kyamara mai madubi a ciki wadda ake cire gilashinta a sauya wani, kuma a nan Nikon D3500 ta 2018 na fi karkata gare ta a kan Canon EOS 2000D, saboda ƙarfin batirinta. Ɗayar kuwa ƙaramar kyamara ce ta aljihu mai tsada, wadda gilashinta a manne yake ba a cirewa, a nan kuma Sony RX100 III ta 2014 ce ta zo daidai da aljihuna. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne ƙaramar ta fi babbar tsada tun asali: an fitar da RX100 III a kan kusan dala 800, ita kuwa D3500 haɗe da gilashinta kusan dala 500. A kasuwar kayan hannu ma ƙananan ba su faɗi yadda ya kamata ba, domin masu yin bidiyo da hotuna a TikTok da Instagram sun taso musu, musamman Canon G7 X, har ta kai ana neman wasu a rasa.

Duk wanda na tambaya da farko amsa ɗaya yake ba ni, cewa babba ita ce kyamara, ƙaramar kuwa abin wasa ce ta 'yan gayu. Hujjarsu tana da tushe. A cikin kowace kyamara akwai ɗan farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto, wanda ake kira sensa, kuma girmansa ya fi yawan megafiksel tasiri a kan tsabtar hoto a wuri mai duhu. Na D3500 milimita 23.5 ne a 15.6, na RX100 kuwa 13.2 a 8.8, wato faɗin na farko ya ninka na biyu sau uku da ɗoriya. A megafiksel tazarar ba ta taka kara ta karya ba, 24 ne da 20. Sai dai da na zauna na yi lissafin da kaina, na ga ashe an ba ni rabin labari ne. Hasken da zai kai ga sensa sai ya bi ta ƙofar gilashi, kuma lambar f ita ke nuna faɗin wannan ƙofa, ƙaramar lamba na nufin babbar ƙofa. Gilashin 18-55mm da ake haɗowa da D3500 (lambar mm tana nuna zum ne, ƙarama na gani da faɗi, babba na jawo na nesa) yana farawa daga f/3.5 ya ƙare a f/5.6, na RX100 III kuwa, wanda ya yi daidai da 24-70mm a ma'aunin da aka saba tun zamanin kyamarar fim, yana farawa daga f/1.8 ya ƙare a f/2.8. Tsakanin f/2.8 da f/5.6 bambancin haske ninki huɗu ne cif, tsakanin f/1.8 da f/3.5 ma ya kusa haka. Ke nan abin da babbar ta samu ta wajen sensa, ta mayar da shi ta wajen gilashi. A tsakiyar zum ne kawai take ɗan shan gaba, domin gilashin Sony yana sauka zuwa f/2.8 da an ɗan matsa daga farkonsa.

Lissafin takarda bai ishe ni in fitar da kuɗi ba, don haka na nemi aron duka biyun. Ƙanen matata yana da RX100 III da ya sayo a wata tafiya, wani dattijon mai hoto kuma da muke mutunci da shi, wanda ya fara sana'ar tun zamanin fim da wanki a ɗaki mai duhu, ya ba ni D3500 da yaransa ke fita aikin biki da ita. Na kai su zauren wani kawuna bayan la'asar, lokacin da rana ta karkata hasken ya rage. Kawu yana zaune a kan buzunsa yana fuskantar ƙofa, farin rawani a kansa, bayansa kuma bango ne mai tsohon zane da hayaƙin fitila ya dafar tun zamanin da. Na ɗauke shi da kowace ba tare da filasha ba, na kuma ɗauki rufin inda bakunan suka haɗu, sannan na buɗe hotunan a kwamfuta na ƙara musu girma har gashin gemu ya fito ɗaya-ɗaya. Gaskiyar magana, da ba ni na ɗauka ba, da ban iya tantance wanne ne na wacce ba. A duka biyun saƙar rawanin ta fito, a duka biyun kuma akwai ɗan yashi-yashi a inuwar bangon. Dukansu sun yi wa wayata nisa, amma tsakaninsu kusan kunnen doki ne.

Da na mayar wa dattijon kyamararsa na faɗa masa abin da na gani, bai yi musu ba. Ya ce, "Malam, ai wannan gilashin na rakiya ne, ba don shi ake sayen kyamarar ba." Ya buɗe durowa ya ɗauko wani ɗan guntun gilashi marar zum, Nikon 35mm f/1.8G na DX (wato jerin gilasan da aka yi wa sensa mai girman na D3500), wanda ya fito tun 2009 kuma nauyinsa giram 200 ne kacal, ya ɗaura mini, ya ce in koma zauren a daidai wancan lokaci. Na ce, "To Baba, in babu zum yaya zan yi in na so matsowa?" Ya ce ai Allah ya ba ni ƙafafu.

A wannan karon babu buƙatar ƙara girman hoto kafin a ga bambanci. Gilashin 35mm a kan wannan sensa yana ganin abin da 50mm da ɗan kai ke gani a ma'aunin da aka saba, kuma a daidai wannan tsawo RX100 ta riga ta sauka f/2.8. In aka haɗa faɗin ƙofar da girman sensa, hasken da babbar ke tarawa ya ninka na ƙaramar fiye da sau bakwai. A aikace, na samu damar rage ISO sosai, wato lambar da ake ɗagawa don hoto ya yi haske a duhu amma take jawo yashi-yashi, yashi-yashin ya tafi, na kuma ƙara saurin ɗauka ta yadda ko da kawu ya juya yana magana da wanda ya yi sallama, fuskarsa ba ta jirkice ba. Bangon bayansa ya dusashe a hankali, idanunsa suka fito tar, har ana ganin hasken ƙofar a cikinsu. Akwai sharaɗi guda da ya kamata a sani: wannan gilashin ba shi da na'urar rage rawar hannu, ita kuwa RX100 tana da ita, don haka a hoton bango ko rufi, abin da ba ya motsi, ƙaramar tana rage tazarar ta hanyar barin ƙofar a buɗe na ɗan tsawon lokaci. Amma mutum mai rai ba ya tsayawa cak, kuma rage rawar hannun mai ɗauka ba ya hana wanda ake ɗauka motsi. Daga nan tambayar ta sauya mini. Ba wacce ta fi kyau a kwalinta ba ce. Tambayar ita ce ko zan yarda in ƙara kuɗi in sayi gilashi na biyu, domin wanda zai tsaya a kan 18-55mm har abada ba shi da wata babbar hujjar ɗaukar nauyin DSLR.

Ƙaramar ba ta faɗi ba tare da ta yi kokawa ba, kuma akwai lokacin da na kusa komawa gare ta. Nauyinta giram 290 ne, tana shiga aljihun gaba na kaftani, alhali D3500 da gilashinta sun haura giram 600 kuma sai da jaka. Abin da ya fi nauyi muhimmanci shi ne yadda mutane ke kallon mai riƙe da ita. Da na ratsa lungu da babbar a wuya, yara suka biyo ni suna "mai hoto, mai hoto", wani magidanci ya tare ni cikin ladabi yana tambayar ko daga gwamnati nake ko daga wata ƙungiya, mata kuma da suka hango ni suka ja mayafi suka kauce. Da ƙaramar babu wanda ya kula. Ba ina nufin ɗaukar hoton mutane a ɓoye ba, wannan ba ɗabi'a ba ce kuma ba na yi sai da izini. Ina nufin ko bayan an ba da izinin, babbar tana sa dattijo ya gyara zama ya ɗaure fuska irin ta hoton fasfo, ƙarar madubinta kuma tana tuna masa a kowane latsi cewa ana ɗaukarsa. RX100 kusan ba ta da sauti. Sannan 24mm ɗinta ya fi 18mm na Nikon faɗi, wanda bai wuce 27mm ba a ma'auni ɗaya, kuma a cikin ƙuntataccen zaure, inda bayanka ya riga ya jingina da bango, wannan ɗan bambancin shi ne ke sa bakan gizo ya shiga hoto gaba ɗaya ko a yanke masa ƙafa. Tana kuma da tagar leƙe ta lantarki da ke fitowa daga sama, abin da G7 X ba ta da shi, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ganin allon kyamara a ranar azahar ya san amfaninsa.

Maganar batir kowace tana da nata. A ma'aunin CIPA, wanda kamfanoni ke amfani da shi, D3500 tana yin hoto 1,550 a caji ɗaya, RX100 III kuwa 320. Dalilin shi ne a DSLR ido yana kallo ne ta madubi kai tsaye, babu allon da ke cin wuta, ita kuwa ƙaramar dole allonta ko tagarta su kasance a kunne muddin ana saiti. Amma ƙaramar tana caji ta USB, don haka fawabank ɗin waya ya wadatar, alhali batirin Nikon sai an cire shi an sa a cajarsa an jira wuta. A wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas kowanne yana da ma'ana, ni dai na ga batirin da zai yi makonni ban tuna da shi ba ya fi dacewa da ni.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne ƙura, domin gwajin nan duk a cikin hunturu aka yi shi, hazo ya rufe gari, ko tebur ka goge da safe kafin azahar ya yi fari. A tunanin farko, DSLR ce ke cikin haɗari, tunda duk lokacin da aka cire gilashi cikinta a buɗe yake, kuma D3500 ba ta da na'urar da ke girgiza sensa ta kakkaɓe ƙura, Nikon ta cire ta tun daga D3400. Ƙaramar kuwa a rufe take, sai mutum ya ɗauka ta tsira. Amma gilashin RX100 yana fitowa ne yana komawa duk lokacin da aka kunna ko aka kashe, kuma wannan shiga da fitar tana zuƙo iska tare da abin da ke cikinta. Babu ɗaya daga cikin biyun da aka yi wa kariyar ƙura ko ruwa. Bambancin yana wajen magani. In ƙura ta hau sensar DSLR, akwai umarni a cikinta na ɗage madubi, sai a kifa ta a hura da ɗan famfon roba, in ta ƙi fita a goge da tsinken gogewa na musamman, aikin da bai wuce 'yan mintoci ba. In ta shiga ƙaramar, sai an kwance kyamarar gaba ɗaya, kuma mai gyaran da zai iya wannan ba a kowane gari ake samunsa ba. Haka nan in yashi ya maƙale a zoben gilashin ƙaramar, ko ta faɗi gilashin na waje, kyamarar ce ta mutu ɗungurungum, alhali a babbar gilashi kawai za a sauya. Ga mai sayen ta hannu da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ganina masu sharhin kyamara na ƙasashen sanyi ba sa ba shi nauyin da ya kamata.

Na san cewa zamanin DSLR yana wucewa. Nikon da Canon sun fito da tsarinsu na Z da RF marasa madubi tun 2018, kuma a 2022 Nikon ta daina ƙera D3500. Wannan bai tayar mini da hankali ba, domin yana nufin gilasan tsohon tsarin za su yi ta zuwa kasuwa da araha yayin da masu hali ke sauya sheƙa, kuma akwai mahaɗin FTZ na Nikon da ke ɗaura su a kan sababbin kyamarorinta in wata rana na samu dama. Bidiyo kuwa ban sa shi a sikeli ba. Dukansu 1080p suke yi kuma babu wadda ke da wurin sa makirufo, wanda bidiyo ne gabansa ya nemi wata daban.

Hawan Sallah ma ya shigo lissafi, ko da yake ba shi ne asalin buƙatar ba. Wanda ke tsaye cikin 'yan kallo a ƙofar fadar Zazzau ba zai kamo fuskar mahayi da 70mm ba. A Nikon akwai AF-P 70-300mm na DX da ke kai wa daidai da 450mm, a Sony kuwa sai dai a sayi wata kyamarar, RX100 VII mai 24-200mm, wadda aka fitar a 2019 a kan kusan dala 1,200, kuma ita gilashinta daga f/2.8 yake farawa, wato an sayar da hasken zaure an sayi nisa.

Abin da ya yanke hukuncin a ƙarshe ita ce wayar da ke aljihuna. Duk abin da ƙaramar ta fi babbar da shi, wato sauƙin ɗauka da rashin jan hankali da faɗin gani, waya tana yin wani abu daga cikinsa, kuma kullum tana tare da ni. Abin da waya ba ta iya yi shi ne hoton kawu da gilashin 35mm ya fitar. Da a ce ni matafiyi ne mai son kyamara ɗaya da zai jefa a jaka ya manta, da RX100 zan ɗauka ban waiwaya ba, kuma haka na shawarci wata 'yar'uwata da ke shirin tafiya Umra. Amma ni hotunana na niyya ne: nakan sanar da masu gida, in zaɓi lokacin da haske ya dace, in tafi domin wannan aikin kaɗai, kuma mai irin wannan fita jaka ba ta dame shi.

D3500 ɗin na zaɓa, kuma a Kano na saya. Dattijon ya riga ya koya mini abin da zan duba, na kuwa bi shi daki-daki. Nikon tana rubuta adadin hotunan da kyamara ta taɓa ɗauka a cikin bayanan kowane hoto, don haka na ɗauki guda na ɗora a shafin intanet da ke karanta wannan lamba. Irin waɗannan ƙananan DSLR akan gwada su zuwa kusan latsi 100,000, kuma wadda ta yi aikin biki shekara da shekaru takan kusa cinye rabonta ko da jikinta na ƙyalli. Na ɗauki hoton farar takarda a f/22 don ɗigon ƙura su bayyana, na haska fitilar waya ta cikin gilashi don neman fumfuna, wadda damshi ke haifarwa kuma takan fito da siraran zare a jikin gilashin. A shagon farko na same ta a gefen gilashin, mai shagon ya ce ba ta shafar hoto, na yi masa godiya na wuce. A wani shagon yaron ya so ya haɗa ni da 50mm f/1.8D saboda arharsa, yana cewa, "Alhaji, wannan shi masu hoto ke rububi." Gilashi ne mai kyau, amma D3500 ba ta da injin saiti a jikinta, don haka duk gilashin da ba AF-S ko AF-P ba, wato masu nasu injin a ciki, sai dai a murɗa shi da hannu. Na tsaya a kan 35mm ɗin. Bayan ciniki na karɓi kyamarar da gilashinta na asali da 35mm da cajar Nikon ta ainihi, na ƙara da famfon hura ƙura, jimillar kuma ba ta kai abin da aka yi mini kuɗin RX100 III mai tsabta a kasuwar ba.

Tun daga lokacin gilashin 35mm ne a kanta kusan kullum, abin da ya rage yawan buɗe ta, ƙurar ma ba ta dame ni yadda na zata ba. Matsalar ɗaure fuska na magance ta da zama: nakan ajiye kyamarar a cinya a yi gaisuwa a yi hira har a manta da ita kafin in ɗaga. Tura hoto zuwa waya ta manhajar SnapBridge yana da jinkiri, tunda Bluetooth kawai take da shi babu Wi-Fi, kuma ƙananan kwafi take turawa, don haka na sayi ɗan abin karanta memori. Inda har yanzu nake jin rashin ƙaramar shi ne rufin zaure, domin 18mm ba ya kamo shi duka, sai na ɗauki hotuna biyu ko uku na haɗa a kwamfuta. Maganinsa shi ne AF-P 10-20mm na DX da Nikon ta fitar a 2017, kuma shi na sa a gaba kafin na hawan Sallah, saboda akwai gidaje biyu a unguwarmu da aka riga aka sauke yashi da bulo a ƙofarsu.